Tsuntsun da ba shi da mai shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da ke tafiya a ƙasa da abin da ke shawagi a sama, Ya kuma ɗauki nauyin ciyar da su baki ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Agadas a lokacin ɗari ya san Tabalak, kimanin kilomita 50 daga birni, inda ruwa ke kwance a gefen hanya a tsakiyar ƙasar da ba ta saba da ruwa ba. Masunta na cin abinci a cikinsa, masu noman rani na cin abinci a bakinsa, makiyaya na kawo dabbobinsu su sha. Akwai kuma wata jama'a ta huɗu da ba a cika lissafawa da ita ba, wato tsuntsayen ruwa, waɗanda ke taruwa a can da kuma a tabkin Ɗan Dutsi da sauran ƙananan tabkuna na Adar idan damina ta yi kyau. Saniya tana da mai ita, lambu yana da mai shi, ko kifi ma akwai masu kula da lokacin kamunsa. To, tsuntsun nan fa, na wane ne? Amsar da ke bakin kowa ita ce: na Allah ne, wanda ya kama ya samu. Wannan amsa gaskiya ce, kuma ita ce ke cikin littattafan fiƙihu. Abin da muke so mu duba shi ne ko ta isa ta zama hujja ga mutum ya kashe iyakar abin da hannunsa ya kai.

Ya kamata mu fara sanin su wa muke magana a kansu, domin tsuntsayen nan kashi biyu ne. Akwai 'yan gida, kamar dinya da kirinjijiya, waɗanda ke yin ƙwai su ƙyanƙyashe a ƙasashenmu da damina, su yi ta yawo tsakanin tabki da tabki gwargwadon inda ruwa ya rage. Akwai kuma baƙi, waɗanda ake ƙyanƙyashe su a ƙasashen Turai da Rasha, idan sanyi ya fara daskarar da ruwan can sai su taso, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara, su sauka a wurinmu da kaka, su zauna har wajen watan Maris. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane a bisa ido. Nauyinta bai kai rabin kilo ba, amma tana yin tafiyar dubban kilomita sau biyu a shekara, kuma mafi yawan irinta a nan yankin Sahel suke cin rani: a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali, da tabkin Cadi, da bakin kogin Sanagal, da dausayin Haɗeja da Nguru. Ƙananan tabkuna irin namu su ne zangonta a hanya. Mu da muka gaji fatake da madugai, mun san abin da rijiya ɗaya take nufi ga ayarin da ya fito daga hamada.

Saboda wannan ne duniya ta san da tabkunanmu. A shekarar 1971 aka ƙulla wata yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kiyaye fadamu da tabkuna masu muhimmanci. Nijar ta shiga cikinta a 1987, kuma a 2005 aka sa Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren da yarjejeniyar ta ƙunsa. Da yawa daga cikin masu shan ruwan tabkin ba su da labarin haka, kuma ba laifinsu ba ne, tun da takardun da Faransanci aka rubuta su, a Yamai ake ajiye su.

Game da hukuncin farauta kuwa, babu wani ruɗani. Allah Ya halatta ta a cikin Suratul Ma'ida, Ya ambaci abin da aka kama da dabbobin da aka horar, da abin da hannaye da masu suka samu. Sahabbai sun yi farauta, sun kuma kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) naman ya ci. Duk wanda ya ce farauta haramun ce ya faɗi abin da Allah bai faɗa ba, kuma ba za mu bi shi ba ko da ya zo da hujjojin masana na duniya duka. Sai dai halaccin nan yana tafe da sharuɗɗa, kuma idan mutum ya zauna ya karanta sharuɗɗan da natsuwa zai ga cewa Shari'a ta riga ta ɗaure hannun maharbi tun kafin a haifi ma'aikacin gandun daji na farko.

Da farko, agwagwa ba kifi ba ce. Wasu na zaton tun da a ruwa take wuni, hukuncinta hukuncin abin ruwa ne, wanda ake ci ko ba a yanka ba. Malamai sun lissafa ta cikin farautar tudu, domin a tudu take ƙwai, a tudu take ƙyanƙyasa. Saboda haka sai maharbi ya yi niyya, ya ambaci sunan Allah lokacin da zai saki harbi, kuma sai abin da ya harba da shi ya huda ya zubar da jini. Idan ya iske ta da sauran rai, wajibi ne ya yanka. Malaman farko sun hana cin abin da aka kashe da dunƙulen yumɓu, domin bugu yake yi, ba ya huda. Da bindiga ta bayyana aka yi saɓani, har malaman Fas na ƙasar Maroko suka ba da fatawar halaccin abin da harsashin dalma ya kashe, kuma a kan wannan ake aiki a mazhabarmu ta Malikiyya.

Akwai wata mas'ala da ta shafi mai farautar ruwa fiye da kowa. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim (R.A.), Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi cin abin da ya harba idan ya same shi ya faɗa ruwa ya mutu, saboda bai san ko kibiyarsa ce ta kashe shi ko ruwan ba. Malamai sun yi bayani cewa idan harbin ya riga ya sami makasa, faɗawa ruwa ba ta cutarwa. To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutumin da ya ɗura bindigar toka da gutsattsarin ƙarfe, ya laɓaɓo da asuba, ya saki wuta cikin garken da ke kwance bisa ruwa, sa'an nan ya shiga yana tsintar waɗanda ke yawo a sama, ta yaya zai rarrabe wadda harbi ya kashe da wadda ta karye ta nutse? Kuma waɗanda suka tashi da rauni suka je suka mutu cikin ciyawa, wa zai amsa tambaya a kansu? Irin wannan harbi yakan raunata fiye da abin da yake kawowa gida. Ga shi kuwa ya zo a hadisin da Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan tsuntsu ƙarami aka kashe ba da haƙƙinsa ba, za a tambayi wanda ya kashe shi, kuma haƙƙin nasa shi ne a yanka shi a ci, kada a kashe a yar.

Amma mai zuba maganin ƙwari cikin hatsi ya watsa a bakin ruwa, wannan ba ma sai an tsawaita ba. Abin da guba ta kashe mushe ne. Wanda ya fige shi ya kai kasuwa ya haɗa laifi uku: ya ciyar da Musulmi mushe, ya ciyar da shi guba, ya kuma ci kuɗinsa da ha'inci. Kazalika tsuntsun da ya kwana cikin raga ko asuta aka iske shi ya mutu, mushe ne, ko da an ambaci sunan Allah lokacin kafa tarkon.

Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda babu zauren karatu a Adar da ba a karanta ta, ya san an karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, an halatta wadda ba ta wasa ba. Malaman mazhaba sun faɗaɗa wannan har suka ce farauta tana iya ɗaukar hukunce-hukuncen nan biyar duka. Tana zama wajibi ga wanda ba shi da wata hanyar ciyar da iyalinsa, tana zama abin so ga mai neman yalwata musu, tana zama halal ga mai neman abin sayarwa, makaruhi ga mai neman nishaɗi, haramun ga wanda zai kashe ba da nufin ci ba, ko wanda za ta sa shi barin salla ko ɓarnata gonar wani. Ashe ke nan kalmar halal ba ta rufe magana ba. Tsuntsu ɗaya ne, bindiga ɗaya ce, amma hukunci yana canzawa gwargwadon wanda ya riƙe ta da abin da ya fito nema.

Yanzu sai mu zo ga maganar da ta fi wuya. Idan aka ce wa mutum ya rage, yakan ce: “Abin Allah ba ya ƙarewa. Tun kakanninmu ake harbi, ga su nan har yau.” Maganar tana da kamar tawakkali, shi ya sa mutane ke jin nauyin musanta ta. Taskar Allah ba ta ƙarewa, wannan haka yake. Amma Allah bai yi wa kowace ƙasa alkawarin cewa ni'imar da Ya ajiye mata za ta dawwama ko me mutanenta suka yi da ita ba. A cikin Suratu Saba'i an ba mu labarin mutanen da aka ba gonaki biyu masu albarka, suka butulce, aka musanya musu da itatuwa masu ɗaci. Kuma ba ma sai mun je Yaman ba. A tambayi tsofaffin Azawak abin da suka gani da idonsu a ƙuruciya. Mariri, mai dogayen ƙahoni, garke-garke yake yawo a arewacinmu. Fari na 1973 da na 1984 suka raunana shi, bindigar zamani da mota suka ƙarasa shi, har a shekarar 2000 masana suka bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji a duniya duka. Sai a 2016 aka kawo wasu daga inda ake kiwonsu a Abu Dabi aka sake su a ƙasar Cadi. Jimina ta bi sahu a mafi yawan dajinmu. Gauraka, wadda kukanta ke cikin tatsuniyoyinmu, yau yaro na iya girma a ƙasar Hausa bai taɓa ganinta ba sai a gidan wani mai hali, an yanke mata fiffike. Waɗanda suka harbi na ƙarshe a cikin waɗannan ba su san na ƙarshe ba ne. Kowanensu ya ɗauka akwai wasu bayan tudu.

Agwagi ma abin ya taɓa faɗa musu. A gaɓar tekun arewacin Amurka an yi wata agwagwar teku da ake kira ta Labarado. Tun 1878 ba a sake ganin ko ɗaya ba, sai busassun gawarwakinta a gidajen tarihi. A ɗaya ɓangaren kuma muna da misali a cikin ƙasarmu na abin da kamewa ke haifarwa. Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har suka koma kimanin 50 a 1996. Da aka hana taɓa su, mutanen ƙauyukan suka yarda suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake, sai suka hayayyafa suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji. Ikon Allah ne ya rage su, ikon Allah ne ya ƙara su, amma a duka biyun ta hannun mutane ikon ya biyo, kuma a kan abin da hannu ya aikata ake hisabi.

Daga nan tambaya ta biyu ke fitowa: shin hukuma tana da ikon hana abin da Allah Ya halatta? Mun sha jin wannan daga bakin mutanen kirki, masu kishin addini, waɗanda ke ganin dokar farauta gadon Nasara ce. Gaskiya ne Turawan mulkin mallaka ne suka fara kawo takardar izinin farauta, kuma sun kawo ta ne don su keɓe wa kansu naman daji. Wannan tarihi ya bar ɗaci. Amma asalin keɓe wuri ko lokaci ya girmi zuwansu da ƙarnuka masu yawa. Allah da kansa Ya hana mai harami farauta, Ya sanya Makka wurin da ba a korar abin farautarta, ba a sare itacenta, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya sanya wa Madina irin wannan alfarma. Ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza. Ciyawa halal ce ga kowa, amma shugaba ya hana kiwo a wani yanki saboda maslahar jama'a, sahabbai ba su ce ya haramta halal ba. A kan irin wannan ne malamai suka gina ƙa'idar cewa shugaba yana iya taƙaita abin da yake mubahi idan barinsa a sake zai jawo cuta ga jama'a, kuma mazhabar Imamu Malik ta fi kowace faɗaɗawa a babin maslaha da toshe ƙofar ɓarna. Maharban gargajiya ma ba su taɓa zama babu doka ba. Suna da shugabansu, suna da lokacin fita bayan an kawar da amfanin gona, suna kuma da abubuwan da ba su taɓawa. Har yau wane Bahaushe ne zai harbi shamuwa a kan itacen gidansa?

Dokar da Nijar ta kafa ranar 29 ga Afrilu 1998 game da farauta da kiyaye namun daji, idan aka tuɓe mata rigar Faransanci, abin da ke ciki ba baƙo ba ne: a nemi izini, a kiyaye lokacin buɗewa da rufewa, a bar wasu jinsuna kwata-kwata, a nisanci guba da sauran hanyoyin kisan kan mai uwa da wabi. A ganinmu bin wannan wajibi ne na addini ga Musulmi, ko ma'aikaci yana kallo ko ba ya kallo, domin umurni ne da abin da ba saɓo ba, kuma manufarsa manufa ce da Shari'a ta yarda da ita.

Sai dai ba za mu yi adalci ba idan muka tsaya nan. Talaka yana da ƙara, kuma ƙararsa tana da ƙarfi. Yana cewa: “Ni da na kama biyu don miyar gidana, ni ake tsarewa a karɓe mini bindiga. Wanda ya zo da jerin motoci da shahuna daga wata ƙasa, ya share tuje da barewa na daji guda cikin mako ɗaya, shi rakiya ake yi masa.” An ga irin wannan a Sahel shekaru da dama, kuma duk dokar da aka ga tana kama ƙaramin kifi tana sakin babba, mutuncinta ya zube a idon jama'a, ko da kalmominta na zinariya ne. A nan ma magabata sun bar mana ma'auni. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa lokacin da Sayyidina Umar ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da makiyayar da aka keɓe, ya umurce shi da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya tsare dabbobin Ibn Auf da na Ibn Affan. Dalilinsa shi ne waɗannan biyu idan dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar shugaba yana kuka. A duba fa, manyan sahabbai biyu ne, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, su aka ce a fara hanawa. Haka tsarewa take a Musulunci: daga mai ƙarfi take farawa. Idan aka juya ta, aka sa kuɗin takarda ya zama shi ne mabuɗin daji, to an mayar da dukiyar kowa ta zama ta masu kuɗi, kuma wannan ma zalunci ne da ya kamata malamai su faɗa a kan mumbari kamar yadda suke faɗar na maharbi.

Duk da haka, zaluncin babba ba ya wanke ƙarami. Kuma a tsakanin mai neman miya da mai neman nishaɗi akwai mutum na uku wanda ya fi su yawan kisa, shi ne mai kamawa don kasuwa. A fadamun Mali, masu raga na kama agwagin nan baƙi da yawan gaske suna kaiwa kasuwar Mopti, musamman a shekarun da ruwa ya yi ƙaranci tsuntsaye suka matsu wuri ɗaya. Abin lura ke nan: shekarar da kamu ya fi sauƙi ita ce shekarar da tsuntsun ya fi rauni. Ciniki halal ne, amma ciki yana ƙoshi, aljihu ba ya ƙoshi, saboda haka mai sayarwa ya fi kowa bukatar a yi masa iyaka.

Akwai kuma masu cewa: “In ban harbe ta ba, Bature zai harbe ta a hanya.” Lalle ana harbin agwagin nan a Faransa da Italiya da Rasha da wasunsu, kuma maharban can ba yunwa ke fitar da su ba. Amma ya kamata mu san cewa su ma ba a sake suke ba. A Amurka, bayan da 'yan kasuwar nama da na gashin tsuntsu suka kusa share sararin sama, an kafa doka a 1918 wadda ta hana sayar da tsuntsaye masu ƙaura. Tun 1934 kowane maharbin agwagwa sai ya sayi wani kan sarki na musamman kowace shekara, kuɗin kuma a sayi fadamu da su a ajiye wa tsuntsayen. An ƙayyade masa kwanakin fita, da adadin da zai kashe a yini, da yawan harsashin da bindigarsa za ta ɗauka, an hana shi zuba hatsi don ya jawo su. Agwagin teku kuma, da aka lura ba su fara ƙwai sai sun shekara biyu ko uku, kuma ba su saurin mayar da abin da aka rage, sai aka ƙara rage adadin da aka yarda a kashe daga cikinsu. A tsibirin Aisilan manoma na tsaron wata agwagwar teku da ke sheƙa a gonakinsu, suna kore mata yanyawa, su kuma tsinci lallausan gashin da take shimfiɗa wa ƙwanta su sayar da tsada, ba tare da sun kashe ta ba. A 1995 aka ƙulla wata yarjejeniya tsakanin ƙasashen Afirka da Turai da yammacin Asiya game da tsuntsayen ruwa masu ƙaura, Nijar na cikinta. Ma'anarta dai ita ce garken nan tarayya ne tsakanin mutanen da ba za su taɓa haɗuwa ba. Abokin tarayya idan ya ci amana yana da zunubinsa, amma an hore mu da kada mu ha'inci wanda ya ha'ince mu, balle wanda ba mu tabbatar ya ha'ince mu ba.

Wani abu da kakanninmu ba su sani ba, mu kuma muka sani, shi ne sharrin dalma. Harbi ɗaya na bindigar tsuntsu yana watsa ƙananan ƙwayoyi masu yawa, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su nutse cikin laka. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta niƙa abinci da ita a ƙundu, sai ta tsinci ƙwayar dalma a zaton tsakuwa ce. Ƙundun ya niƙe ta, gubar ta shiga jini, tsuntsun ya rame ya kasa tashi ya mutu bayan kwanaki, babu wanda ya ci, babu wanda ya ambaci sunan Allah a kansa. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a fadamu daga 2023. Kuma dalmar da ta rage cikin nama tana cutar da mai ci, musamman yara ƙanana da mata masu ciki, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Fatawar malaman Fas ta yi magana ne a kan ko naman ya halatta, ba ta yi magana a kan abin da ke taruwa a ƙarƙashin tabkin da mutane da dabbobi ke sha ba, tun da a zamaninsu ba a san shi ba. Yanzu da aka sani, ƙa'idar hana cuta da cutarwa ta hau kansa. Haka nan tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a 2006, ya zama wajibi a gargaɗi yara kada su ɗauko tsuntsun da suka tsinta a mace ko yana layi a bakin ruwa, a kuma sanar da ma'aikatan dabbobi.

Game da baƙin tsuntsaye muna iya cewa muna da abokan tarayya a laifi. Game da 'yan gida kuwa ba mu da wanda za mu ɗora wa. Dinya da kirinjijiya ba su zuwa Turai. Idan sun ragu, a hannunmu da na maƙwabtanmu suka ragu. Kuma mafi yawan abin da ke cin su ba a bakin bindiga yake ba. Da damina, lokacin da uwa ke kwance kan ƙwai cikin ciyawa, yaran da ke kiwo na kwashe ƙwan, su kama 'yan tsakin da ba su yi fiffike ba, wani lokaci don wasa kawai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata 'yar tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana karkaɗa fiffike a kansu, da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Wannan hadisi ya kamata malaman makarantun allo na garuruwan bakin tabki su riƙa karanta wa almajirai kafin ruwan farko ya sauka, domin babu ma'aikacin da zai iya bin kowane yaro cikin ciyawa.

Sa'an nan shi kansa tabkin yana bukatar a tsare shi. Ƙasar Adar tudu ce da dutse, idan aka sare itacen da ke kan gangare, ruwan sama na kwaso yashi ya zuba cikin kwari, tabki ya riƙa cikewa shekara bayan shekara. Aikin da aka fara a Kaita a 1984, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai don tare zaizaya, ya nuna cewa ana iya rage wannan idan jama'a ta tashi. Mai lambun da ya share ciyawar bakin ruwa har ƙarshe don ya ƙara kwali ɗaya na albasa, da mai gatarin da ya sare bagaruwar da ke tsaye cikin ruwa, ba su riƙe bindiga ba, amma sun rushe wa tsuntsu ɗaki, sun kuma rage wa masunci wurin da kifi ke ƙwai. Idan masu gari da limamai da shugabannin masunta da na makiyaya na Tabalak da Ɗan Dutsi suka zauna kan rabon bakin ruwa, kamar yadda sukan zauna kan mashaya da burtali, muna roƙon a bar wani gefe guda da ciyawarsa da itacensa, a sanar a masallatan Juma'a cewa daga faɗuwar ruwan farko har a kai ga girbi ba a harbi a can, ba a kafa raga, ba a ɗaukar ƙwai.